Tarihin Wutar Lantarki Da Ƙidayarta A Ƙasar Gummi

Ƙasar da za a ba da labarinta a nan ita ce yammacin Jihar Zamfara, watau Gummi da Bukkuyum da Anka. Gulbin Zamfara ne ya ratsa ta, ya bi ta Anka ya gangara yamma ya wuce ta Gummi, kafin ya je ya haɗu da Gulbin Sakkwato a ƙasar Kabi. A zamanin Turawa duk tana cikin Lardin Sakkwato, hakimanta suna ƙarƙashin En'e ta Sakkwato. A 1967 ta shiga Jihar Arewa maso Yamma, a 1976 ta koma Jihar Sakkwato, sa'an nan ran 1 ga Oktoba 1996 aka yanke Jihar Zamfara, ta faɗa ciki. Da aka yi ƙidayar 2006, an sami mutum fiye da 200,000 a Gummi, fiye da 210,000 a Bukkuyum, fiye da 140,000 a Anka. In an haɗa, sun wuce rabin miliyan tun a wannan shekara, galibinsu kuwa manoma ne da makiyaya, suna zaune a ƙauyuka da tungaye masu nisa da juna.

To, duk hukumar da ta yi niyyar kai wa jama'a kamar wannan wutar lantarki, wajibi ne ta fara amsa tambaya biyu. Wuta nawa mutane za su bukata nan da shekara biyar ko goma? Daga ina kuma za ta fito? Amsa waɗannan tun lokacin bai zo ba shi ake kira kintace, ko hasashe. Ba duba ba ne, lissafi ne. Dalilin da ya sa ba a iya barinsa kuwa shi ne, tashar wuta da layin da zai ɗauke ta sukan ci shekaru ana gini, kuɗinsu kuma ba ya dawowa sai bayan shekara ashirin ko fiye. Wanda ya kintata ƙasa da bukata ya bar mutane cikin duhu. Wanda ya kintata fiye da ita ya ci bashi ya kafa falwayoyin da ba mai biyan kuɗinsu.

Kafin a ci gaba ya kamata mai karatu ya san mudun da ake awon wuta da shi. Ƙaramin awo shi ne wat. Wat 1,000 shi ne kilowat ɗaya, kilowat 1,000 kuma shi ne megawat ɗaya. Ƙaramin janareta irin na mai shago bai cika kai kilowat ɗaya ba.

Wutar lantarki ta fara shiga Nijeriya ta Ikko, watau Legas, inda aka kafa injuna na fari a ƙarshen ƙarni na 19. Daga nan ta riƙa ɓulla gari gari. Masu haƙar kuza a ƙasar Jos suka tare ruwa suka samar da tasu, har kamfanin NESCO ya kafu a 1929 yana aiki da ruwan Kurra. A waɗansu birane Ma'aikatar Ayyuka ce ta kafa injuna, a Kano da Katsina kuwa En'e ce ta riƙe tashoshinta da kuɗin baitulmali. Abin lura a nan shi ne, a wannan zamani ko wane gari da injinsa, ba layin da ya haɗa wannan da wancan. Kintace kuma ba shi da wuya. A ƙidaya ofisoshi da asibiti da gidajen ma'aikata da kantuna, a sayo injin da zai ɗauke su, shi ke nan. Garuruwan hakimai irin su Gummi ba su cikin wannan lissafi. Fitilar aci-bal-bal da man gyaɗa ita ce hasken dare, mai hali kuma ya sayi fitilar ƙwai da kananzir.

A 1950 Gwamnati ta yi dokar da ta kafa hukumar lantarki ta ƙasa duka, wadda aka sani da ECN, ta tattara tashoshin nan ƙarƙashinta. Daga nan tunani ya sake. Masana suka ce ƙananan injuna masu shan man dizal suna da tsada, gara a gina babbar tasha guda a ja layi zuwa ko'ina. Aka kafa Hukumar Madatsun Kwara a 1962, Bankin Duniya ya ba da rance, aka fara aikin Kainji a 1964, aka gama a 1968, bayan an ta da mutum wajen 44,000 daga gidajensu, har da garin Busa. An tsara wurin domin injuna 12 masu ba da megawat 960, amma 8 aka sa, ƙarfinsu megawat 760. A 1972 aka haɗa hukumomin nan biyu suka zama NEPA. Jebba ta biyo baya a 1985, Shiroro kuma a 1990.

A wannan tsari mai kintace yana da sauƙi ta fuska guda: shi ne mai wutar. Ya san yawan injunansa, ya san ranar da zai ƙara wani, domin shi zai sa hannu a takardar. Abin da ya rage masa kurum shi ne ƙiyasin bukata. Yakan dubi abin da aka sha bara da bara waccan, ya dubi ƙaruwar jama'a da masana'antu, ya ja layi a takarda zuwa gaba. Duk da haka lissafin bai tsaya daidai ba. Kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya sa bukata ta yi tsalle, fari kuma ya rage ruwan Kwara, sa'an nan gyaran injuna ya yi ta jinkiri. Har zuwa 2025 wutar da layin ƙasa ya taɓa ɗauka a lokaci guda ba ta kai megawat 6,000 ba, alhali kuwa tashoshin da aka kafa sun kai wajen 13,000 a takarda.

Rabon ƙasar Gummi cikin wannan ya zo a makare, kuma siriri. Manyan layuka biyu ne suka shiga arewa maso yamma. Ɗaya ya taso daga Kainji zuwa Birnin Kabi, ya wuce Sakkwato, wani reshensa ya tafi Yamai ta Nijar. Ɗayan ya taso daga Kaduna ya bi ta Zariya da Funtuwa da Gusau har Talatar Mafara. Ƙasar Gummi ta faɗa tsakaninsu, nesa da ko wanne, sai dogayen ƙananan layuka ke kai mata. Layi kuwa kamar magudanar ruwa yake: gwargwadon tsawonsa gwargwadon abin da ke tsiyayewa a hanya, wanda ke ƙarshe kuma shi ke fara rasawa. Iskar farkon damina ta ka da falwaya guda, sai garuruwa da yawa su yi kwanaki ba wuta. Akwai ƙaramar tasha mai megawat 3 da aka sa a madatsar Bakolori, wadda aka gama a 1978, amma noman rani aka gina madatsar dominsa, tashar kuma ba ta isa ta sake wa yammacin Zamfara hali ba.

Da mutane suka ga haka, sai ko wane ya nemi mafita da aljihunsa. Mai niƙa ya sayi injin dizal, manomin fadama ya sayi injin ban ruwa, mai walda da mai ƙanƙara da mai gidan kallo suka sayi janareta. Da wayar hannu ta shigo a 2001, kamfanoni suka kafa dogayen ƙarafan sadarwa, ko wanne da janaretansa, a kasuwa kuma aka sami sabuwar sana'a ta cajin waya. Wannan ita ce wutar da masana ke kira warwatsattsiya, watau wadda ake samarwa a wurin da za a sha ta, ba a jawo ta daga nesa ba. Wani binciken da aka fitar a 2019 ya ƙiyasta ƙananan janaretoci masu shan fetur a Nijeriya sun kai miliyan 22, ƙarfinsu a haɗe kuwa wajen megawat 42,000, kusan riɓi takwas na abin da layin ƙasa ke bayarwa. Ashe babbar tashar Nijeriya ba Kainji ba ce, tana warwatse a bakin shaguna da bayan ɗakuna, ba kuwa littafin wata hukuma da aka rubuta ta ciki.

A nan ne aikin mai kintace ya juya. Da shi ne mai yanke shawarar yawan injuna, yanzu dubban mutane ne ke yankewa, ko wane a ranar da ya ga dama, ba tare da ya gaya wa kowa ba. Wanda ya san yadda ake ƙidayar jangali a zamanin En'e zai gane wahalar. Haraji yana da dama, domin gida ba ya tashi, mai unguwa kuma ya san mazansa. Amma shanu suna tafiya, suna haihuwa, ana sayar da su, mai su kuma ba ya ɗokin a san adadinsu. Ƙidayar mutane domin a san bukatar wuta kamar haraji take. Ƙidayar janaretoci da farantan sola kuwa jangali ce.

Akwai wani abin baƙin ciki da ya auku a Anka da Bukkuyum wanda ya nuna yadda bukatar inji kan taso daga inda ba a zata ba. A 2008 farashin zinariya a kasuwar duniya ya haye dala 1,000 ko wace oza, ya ci gaba da hawa. Mutanen ƙauyuka irin su Bagega da Dareta da Abare da 'Yargalma suka duƙufa haƙa. Dutsen da ke ɗauke da zinariyar sai an niƙe shi, sabo da haka aka riƙa amfani da injunan niƙan hatsi, a cikin gari, har cikin gidaje. Ba a sani ba ashe dutsen yana cike da dalma. Ƙurarsa ta bi ƙasa da abinci, a 2010 aka gane gubar, bayan ta kashe yara fiye da 400. Likitocin ƙungiyar MSF suka zo suka yi shekaru suna magani, aka kuma kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Abin da ya shafi zancenmu a ciki shi ne, cikin shekara biyu ko uku ƙauyukan da a takarda ba su bukatar kome sai fitila sun cika da injuna suna ruri dare da rana. Ba ƙaruwar jama'a ta kawo haka ba, farashi ne da ake yankewa a London. Daga baya Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilu 2019, ba ta ɗage hanin ba sai Disamba 2024. Wanda ya gina tasha bisa bukatar 2010 da ya ga abin da bai lissafa ba.

Rashin zaman lafiya shi ma ya shiga lissafin. Tun da ɓarayin daji suka addabi ƙasar, ƙauyuka da yawa sun watse, mutanensu sun koma Anka da Gummi da sauran manyan garuruwa, sai bukata ta ragu a can ta ƙaru a nan. A 2021 Gwamnatin Jiha ta rufe kasuwannin mako, ta hana sayar da fetur a jarka, a watan Satumba kuma aka katse sadarwar waya a jihar. An yi haka ne domin a toshe wa ɓarayi hanya, amma mai janareta a ƙauye da jarka yake sayen mansa. A wannan lokaci mai farantin sola a kan rufi ya ga amfanin abin da ba ya bukatar a kawo masa daga gari.

Wutar rana ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Tun 1982 aka kafa cibiyar binciken makamashi a Jami'ar Sakkwato, wadda daga baya ta gwada haskaka ƙauyen Kwalkwalawa da farantai masu kilowat 7.2. A lokacin tsada ta hana abin yaɗuwa. Amma da Jamus ta yi dokar sayen wutar rana daga hannun jama'a a 2000, Sin kuma ta buɗe manyan masana'antu, farashin faranti ya faɗi da wajen kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020. Sa'an nan ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haye 500 nan take, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A watan Oktoba na 2024 kuma aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, yawancin Arewa ta yi kwanaki cikin duhu. Faranti ya yi araha, mai ya yi tsada, layi ba tabbas. Daga Yuli 2024 zuwa Yuni 2025 an shigo da farantai wajen megawat 1,700 daga Sin zuwa Nijeriya, watau fiye da riɓi biyu na Kainji cikin shekara guda.

Sai a gwada wannan da abin da aka tsara a ofis. A 2016 Gwamnati ta sa hannu da kamfanoni 14 domin su gina manyan gonakin sola masu megawat fiye da 1,000, yawancinsu a Arewa. Shekara huɗu bayan haka ba ko guda da ta fara ba da wuta. Wadda aka rubuta ba ta zo ba, wadda ba a rubuta ba ita ta zo, a bayan mota da babur, faranti ɗaya ɗaya. Ba Nijeriya kaɗai abin ya ruɗa ba. A Pakistan cikin 2024 jama'a sun shigo da farantai wajen megawat 17,000, cinikin kamfanonin layi ya ragu, alhali bashin manyan tashoshin da aka gina bisa tsohon kintace yana nan sai an biya.

Yadda wannan ke taɓa talaka ya fi fitowa da misali. A ɗauka ga wani gari mai gida 500, an kintata ko wane gida zai sha wat 100 da magariba, na fitilu da fanka da cajin waya, watau kilowat 50 ke nan. Da rana kuma akwai injunan niƙa biyar da mai walda. Bisa wannan aka ja layi, aka sa taransifoma. To, kafin a gama aikin sai masu hali 100 suka gaji da jira, suka sayi faranti da batir. Su ne kuwa masu firji da talabijin, waɗanda da su za su sha rabin wutar su biya rabin kuɗin. Tsadar layi ba ta ragu da ko kwabo ba, amma masu ɗaukarta sun ragu, sai nauyin ya koma kan gida 400 marasa ƙarfi. Ko dai a ƙara musu kuɗi, ko kamfani ya yi watsi da layin in ya lalace. Kuskuren yana iya zuwa ta ɗaya gefen kuma. In mai lissafi ya dubi ɗan abin da mita ta nuna ya ce iyakar bukatar garin ke nan, ya manta da injunan da ke aiki da dizal, ranar da wuta ta tsaya sosai duk za su jona, taransifoma ta ƙone.

Hanyoyin da masana ke bi su kintaci wutar nan sun kasu, ko wace da gurguntakarta. Akwai masu farawa daga sama. Su dubi abin da ya shigo ta tashar jiragen ruwa, su raba wa jihohi gwargwadon jama'a da arziki. Wannan yana da sauri, sai dai ba ya bambanta Gummi da Gusau, balle Gummi da tungayenta. Akwai masu bin sawun yadda sabon abu ke yaɗuwa, wanda wani Ba'amurke mai suna Frank Bass ya tsara lissafinsa a 1969. Da fari 'yan kaɗan masu ƙarfin hali ke saye, maƙwabta su tsaya kallo. In sun ga abin ya yi, sai a ruga gaba ɗaya, daga baya kasuwa ta lafa. Haka garmar shanu ta yi, haka keke, haka waya. Wahalar ita ce sanin inda ake kan hanyar, domin farkon gudu da tsakiyarsa sukan yi kama. Akwai kuma masu farawa daga ƙasa, su ɗauki hoton ƙasa ta tauraron ɗan adam, kwamfuta ta ƙidaya rufin ɗakuna, ta auna nisan ko wane ƙauye daga layi, ta faɗi abin da ya fi araha gare shi. Da irin wannan aka yi tsarin da aka ƙaddamar a 2022, wanda ya nuna cewa cikin sababbin mahaɗai wajen miliyan 19 da ake bukata kafin 2030, ƙasa da sulusi ne ya kamata su zo ta babban layi, saura ta ƙananan tashoshin gari da na gida gida. Amma hoto daga sama ba ya faɗin ko gidan da mutane a ciki ko sun gudu, ba ya kuma faɗin ko batirin yana da rai.

Sa'an nan ko an san yawan farantai ba a san yawan wuta ba tukuna. Faranti mai kilowat ɗaya a irin ranar Zamfara yakan ba da abin da ya kai kilowat huɗu ko biyar na awa guda a yini. Hazon hunturu yana rage shi, ƙura in ba a share ba ta ƙara ragewa, gajimaren Agusta ma haka. Zafin bazara, sa'ad da aka fi son fanka, shi ma yana ɗan rage ƙarfinsa. Mafi girma duka, faranti yana aiki da rana, gida kuwa da magariba yake son wuta. Sabo da haka ƙidayar batura ta fi ta farantai muhimmanci, batir kuma shi ne mai saurin mutuwa, shi ne mai tsada. Mai kintace na gari ba ya kawo adadi guda. Yakan kawo uku: in fetur ya ƙara tsada, in ya tsaya, in ya sauka, ya kuma sake lissafin ko wace shekara.

Doka ta bi bayan waɗannan al'amura sannu sannu. A 2005 aka yi dokar da ta wargaza NEPA, ta kafa hukumar NERC mai sa ido, da hukumar REA mai kula da karkara. A watan Nuwamba 2013 aka fara miƙa rarraba wuta ga 'yan kasuwa, Zamfara ta faɗa rabon kamfanin Kaduna tare da Sakkwato da Kabi. A 2016 NERC ta fitar da ƙa'idar ƙananan tashoshin gari. Bisa ƙa'idar nan ta 2016, wadda ba ta wuce kilowat 100 ba rajista ta ishe ta, daga nan zuwa megawat ɗaya sai da izini, in kuma babban layi ya riski mai izini daga baya, a biya shi diyya. Ƙa'idar ta ɗaura mai ƙaramar tasha da tsarin kamfanin rarrabawa, domin ba zai zuba dukiyarsa a ƙauyen da layi zai isa baɗi ba, kamfani kuma ba zai ja layi inda aka riga aka ƙoshi ba. Ko wannensu yana kintacen abin da ɗayan zai yi. Bankin Duniya ya ba da dala miliyan 350 domin wannan aiki a 2018, ya ƙara miliyan 750 a Disamba 2023.

A 2023 aka gyara tsarin mulki, aka kuma yi sabuwar dokar lantarki, wadda ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu da kansu. Da wannan, lissafin da ake yi a Ikko, daga baya a Abuja, yana iya dawowa Gusau. Mai yinsa zai bukaci abin da hoto da kwamfuta ba su da shi: yawan injunan niƙa a ko wace gunduma, yawan injunan ban ruwa a fadamun Gulbin Zamfara da watannin da suke aiki, abin da dillalan sola na kasuwar Gummi suka sayar bana da bara, da sunayen ƙauyukan da mutanensu suka koma. Waɗannan suna bakin dagatai da masu unguwanni da shugabannin 'yan kasuwa, a masarautun Gummi da Bukkuyum da Anka.